Yadda ake gane ƙwarin Helopeltis, daga kamu a gona har zuwa sanya sunan nau'i

Wanda ya fara ganin Helopeltis a kan tohon yazawa ko a jikin ɗan koko yakan ɗauka wani jan sauro ne ya sauka yana hutawa. Siriri ne, ƙafafu zara-zara, ga eriya biyu da suka fi jikinsa tsawo. Masu noman ganyen shayi a Indiya ma sauron shayi suke ce masa. Amma sauro fukafukai biyu gare shi, wannan kuwa huɗu, kuma ruwan jikin tsiro yake tsotsa. Gane cewa Helopeltis ne ba ya cin lokaci idan an san inda za a duba. Faɗin wane ne a cikin nau'o'insa kusan 40, nan gizo ke saƙar, domin launin da ido ke fara kamawa shi ne abin da ya fi yaudara a jikinsa. Na sha yin wannan aiki, na kuma sha yin kuskure a cikinsa, shi ya sa zan bi da kai daki-daki.

Kalmomi uku zan riƙa amfani da su. Dangi shi ne babban rukuni, a nan Miridae, dangi mafi yawa a cikin ƙwari masu bakin allura da rabin fiffike mai kauri, wanda aka bayyana nau'o'insa fiye da 11,000. Gida shi ne sunan da ke zuwa farko a sunan Latin, wato Helopeltis, wanda Bafaranshe Victor Signoret ya raɗa a 1858. Nau'i shi ne suna na biyu, kamar antonii ko schoutedeni. Gidan Helopeltis yana cikin reshen Bryocorinae, a ƙabilar Monaloniini (reshe da ƙabila rukunai ne tsakanin dangi da gida), tare da wasu maɓarnatan koko irin su Sahlbergella da Distantiella na Afirka da Monalonion na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Iya ilimin da kake buƙata ke nan kafin ka fita.

Kayan aiki

- Ragar kamu mai laushi. Ta yadin gidan sauro da aka ɗinka a zoben waya ta wadatar.
- Bututun zuƙa: 'yar kwalba mai murfi da aka huda aka zura siraran robobi biyu, ɗaya na bakinka, ɗaya na ƙwaro. Ɗaure ƙyallen raga a ƙarshen na bakinka ta cikin kwalbar, in ba haka ba wata rana za ka haɗiye abin da ka zo nema.
- Ƙananan kwalabe masu murfi, wasu busassu da ɗan tishu a ciki, wasu da itanol, wato alkohol, mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari.
- Gilashin ƙara girma na hannu mai ninka abu sau 10 ko 20.
- Maikuroskop mai ido biyu, irin wanda ake feɗe ƙananan abubuwa a ƙarƙashinsa. Sai a mataki na 8 da na 9 ne ya zama dole.
- Hantsaki mai siririn baki, ƙaramin burushin zane, alluran ƙwari, farin kwali mai ɗan kauri, almakashi, da gam mai narkewa a ruwa.
- Fensir da takarda. Fensir na ce, domin tawadar biro tana narkewa a itanol.
- Na feɗa: sinadarin KOH (potasiyam haidroksaid, mai narkar da nama), gilisarin, ruwa mai tsabta, safar hannu da tabaran kare ido.
- Akwati mai rufuwa ruf, da farin soso mai tauri a ƙasansa don kafa allurai, da kafur.

Idan ba ka sami alluran ƙwari ba, kada ka soki ƙwaron da allurar ɗinki. Tana tsatsa, kuma ta yi masa kauri. Da yake a kan kwali za mu manna shi, allurar kwalin kawai za ta huda, don haka kowane dogon fil marar tsatsa zai yi aiki na ɗan lokaci.

1. Bi sawun ɓarnarsa

Da wuya ka fara ganin ƙwaron kafin ka ga aikinsa. Duk inda ya soka baki yana zuba yawu mai kashe naman tsiro, sai wurin ya fara yin kamar an ɗiga ruwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya yi baƙi. A ɗanyen ganye tabon yana da kusurwoyi saboda jijiyoyin ganye sun tare shi. A kan toho dogo ne, yana bin tsawon karan. A jikin 'ya'ya, kamar koko ko gwaiba, zagayayye ne mai ɗan lotsawa. Idan ɓarnar ta yi yawa tohon yakan bushe kamar wuta ta lashe shi.

Baƙin tabo tsohon labari ne, mai shi ya daɗe da tafiya. Nemi wanda har yanzu yake da danshi, ka duba ƙarƙashin ganyen da ke kusa da shi. Lokacin da ya dace shi ne sanyin safiya ko bayan rana ta yi sanyi da yamma, domin da zafi ya taso suna shigewa inuwa. Bishiyoyin da za ka duba su ne yazawa, koko, shayi, auduga, gwaiba, mangwaro, kuma a Indiya har da darbejiya. Bishiyar da jan tururuwa masu ɗinke ganye su yi sheƙa, wato Oecophylla, suka mamaye, kada ka ɓata lokaci a kanta, suna korar ƙwaron.

2. Kamu

Manyan suna tashi amma ba su da nisan zango. Matso a hankali ba tare da inuwarka ta faɗa kan reshen ba, ka sa ragar a ƙasa, ka ɗan girgiza. Da ya faɗa ciki ka zuƙe shi da bututu. Kada ka yi ta sharar ganye da raga da ƙarfi yadda ake yi wa fara. 'Yan dangin Miridae ƙafafunsu da eriyarsu a kusa suke, abu kaɗan ke tsinke su, ga shi kuma cinyar baya da gaɓar eriya ta farko suna cikin abubuwan da za ka dogara da su nan gaba. Ƙwaro marar eriya rabin shaida ne.

Idan babu raga, buɗe farar laima ka juya ta ƙarƙashin reshe. Yaran da ba su yi fiffike ba kuwa burushi ake sa musu, a ture su cikin kwalba.

Kama da yawa. Goma zuwa ashirin daga bishiya iri ɗaya a wuri ɗaya ba su yi yawa ba, maza da mata. Kuma kada ka haɗa na yazawa da na auduga a kwalba ɗaya ko da gonakin suna maƙwabtaka. Tun a nan ka rubuta wuri, kwanan wata da sunan bishiya, ka jefa takardar cikin kwalbar. Kada ka ce sai ka koma gida. Na taɓa dawowa da kwalabe shida ina ganin na haddace wace ce ta ina, washegari biyu suka rikice mini, dole na zubar da su duka biyun.

3. Kashewa da rabawa

Hanya mafi sauƙi ita ce firiza: kwana ɗaya a cikin busasshiyar kwalba mai tishu. Idan babu wuta, ɗiga itil asitet kaɗan a auduga ka sa a kwalbar, ka rufe na rabin sa'a. Wasu ruwan goge jan farce na ɗauke da shi, duba jikin kwalbar ka gani. Kada ruwan ya taɓa ƙwaron kai tsaye, yana manne fukafukai.

Kafin ka kashe, ware duk wanda ka ga jikinsa fari-fari ne da taushi. Sabon saɓa ne, bai gama yin launi ba, kuma idan ya bushe zai motse kamar tsumma. Bar shi da rai kwana ɗaya ko biyu da ɗan toho a kwalba.

Raba kamun kashi biyu. Mafi yawa a busar, biyu ko uku da dukan yara a itanol. Itanol yana cinye ja da kore, don haka ɗauki hoto da waya tun suna sabo, ko ka rubuta launin kai, ƙirji da ciki. Idan kana da niyyar aika wasu gwajin ƙwayar halitta, waɗannan su tafi itanol mai kashi 95 ko sama kai tsaye, ba tare da sun shaƙi itil asitet ba.

4. Ɗorawa a kan kwali

Yanka kwali siriri mai kusurwa uku, tsawonsa wajen milimita 8 zuwa 10. Soka allura ta faffaɗan gefen, ka tura kwalin sama ya rage wurin kamawa da yatsu. Lanƙwasa tsinin ƙasa kaɗan, ka taɓa masa gam ɗan mitsitsi, ka manna shi a gefen dama na ƙirjin ƙwaron, tsakanin ƙafar tsakiya da ta baya. Gefen dama ake mannawa domin hagu ya zauna a buɗe, haka ake yi a ko'ina. Kuskuren 'yan koyo shi ne yawan gam: ya malala ya rufe baki da ƙasan ciki, wuraren da za ka so gani. Yi aikin a ranar da ka fitar da su, tun gaɓoɓi na lanƙwasuwa. Idan ƙafa ta cire, manna ta a jikin kwalin, kada ka yar.

A ƙarƙashin ƙwaron, a allura ɗaya, sa 'yar takarda mai ɗauke da ƙasa, wuri, lambobin taswira idan wayarka na bayarwa, kwanan wata da bishiyar da aka kama shi. Rubuta wata da haruffa ko lambar Rum, domin 3/4 wani zai karanta Maris, wani Afrilu.

5. Tabbatar da dangi

Ɗauki gilashin hannu ka duba fiffiken sama. Gindinsa mai kauri ne, ƙarshensa tantani. A daidai inda mai kaurin ya ƙare, ta gefen waje, akwai wani ɗan yanki mai kusurwa uku da tsaga ta raba shi da sauran. Sunansa kuniyas. A Helopeltis siriri ne dogo, sai ka karkata ƙwaron ga haske kafin ka ga tsagar. Sannan duba tantanin: a Miridae jijiya tana zagayowa ta rufe ɗaki ɗaya ko biyu a gindinsa, sauran fili ne fetal. Na uku, duba saman kai tsakanin manyan idanu. Yawancin ƙwari masu bakin allura suna da wasu ƙananan idanu biyu a nan masu ƙyalli kamar ɗigon ruwa. Miridae ba su da su, in ban da reshe ɗaya, Isometopinae, wanda ba ya kama da namu ko kaɗan. Eriya gaɓa huɗu, baki ma gaɓa huɗu, a miƙe yake kwance a ƙarƙashin ƙirji.

Masu rikitarwa uku ne. 'Yan dangin Berytidae su ma sirara ne masu dogayen ƙafafu, wasunsu har da ƙaya a baya, amma suna da ƙananan idanun nan, ba su da kuniyas, kuma ƙarshen eriyarsu a kumbure yake. 'Yan Reduviidae, masu farautar wasu ƙwari, bakinsu gajere ne mai kauri, a lanƙwashe kamar ƙugiya, kuma suna harbin yatsa da zafi, don haka kada ka kama da hannu. 'Yan Anthocoridae suna da kuniyas, sai dai ƙanana ne ƙwarai kuma suna da ƙananan idanu.

6. Tabbatar da gida

Nan aikin ya fi daɗi. Tsakanin gindin fukafukai biyu akwai 'yar garkuwa mai kusurwa uku. Juya ƙwaron ka kalle shi ta gefe, a kan farar takarda. A Helopeltis wata doguwar ƙusa ce ta tsiro daga tsakiyar garkuwar ta miƙe sama, siririya, da ɗan ƙulli a kanta, sak fil mai kai da aka kafa a bayansa. Ranar da na fara ganinta a gilashi na ɗauka wani ƙaiƙayi ne ya maƙale, har na sa burushi zan share. Idan ka ga wannan ƙusa a jikin ɗan Miridae mai eriyar da ta fi jiki tsawo, wadda gaɓarta ta farko kaɗai ta fi kai da doron ƙirji a haɗe, da ɗaki ɗaya dogo a tantanin fiffike, da jiki sumul mai sheƙi wanda tsawonsa bai cika wuce milimita 10 ba, to ka iso gida.

'Yan uwansa na kusa ba su da wannan fil. Sahlbergella singularis da Distantiella theobroma kakkaura ne, masu duhun launi da kaushin jiki, eriyarsu gajera mai kumburi. Monalonion ya yi kama da shi a sirantaka amma bayansa babu ƙusa, kuma ba a samunsa sai a nahiyar Amurka. Helopeltis kuwa daga Afirka ta Yamma yake har zuwa Indiya, kudu maso gabashin Asiya, Niyu Gini da arewacin Ostareliya.

Ƙusar tana karyewa. Idan ka ga ɗan kututture a tsakiyar garkuwa, duba sauran kamun kafin ka yanke hukunci.

7. Ware yara, maza da mata

Yaran suna saɓa sau biyar kafin su balaga. Ba su da cikakken fiffike, sai 'yan kunnuwa a baya waɗanda ke ƙara tsawo da kowace saɓa, kuma wanda ya fito daga ƙwai yanzu ba shi da ƙusa, sai daga saɓar farko take bayyana. Kada ka yi ƙoƙarin sanya wa yaro sunan nau'i. Idan yara kaɗai ka samu, yi kiwonsu a kwalba mai murfin raga, kana canza musu ɗanyen toho kullum, har su yi fiffike. Ƙwan kuma a cikin naman toho uwar ke binne shi, abin da ke leƙowa waje sai zare biyu farare marasa daidaiton tsawo, waɗanda ta nan yake shaƙar iska.

Juya babba ka dubi ƙasan ciki. Mace tana da tsaga a tsaye daga wajen tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, inda abin saka ƙwai yake kwance kamar wuƙa a kube. Namiji ba shi da tsaga, ƙarshen cikinsa ɗan ƙoƙo ne. Mace ta fi girma, kuma sau da yawa launinsu ya bambanta, har wanda bai sani ba ya raba miji da mata ya ce nau'i biyu ne.

8. Rage yawan waɗanda ake zargi

Fara da taswira. Nau'o'in Afirka, wajen 26, Guy Schmitz ya yi musu cikakken nazari a 1968 ya sa su a ƙaramin rukuni mai suna Afropeltis. Na Asiya da tsibiran da ke bayanta Gary Stonedahl ya sake tantance su a 1991 ya tsayar da 14, daga baya a 1995 aka ƙara Helopeltis pernicialis daga arewacin Ostareliya. Rukunan biyu ba sa haɗa ƙasa. Saboda haka wanda ya kama ƙwaro a Afirka ya rubuta masa antonii ko theivora don ya ga hoto mai kama da shi a intanet, ya yi kuskure tun kafin ya ɗauki gilashi. Wannan kuskure ina ganinsa fiye da kowane.

A Afirka sunayen da za ka fi cin karo da su uku ne. Helopeltis schoutedeni, wanda Reuter ya bayyana a 1906, shi ne sananne a auduga da yazawa, ja ne ko ruwan lemo mai haske, da baƙar eriya da duhun fukafukai, tsawonsa milimita 7 zuwa 10. Helopeltis anacardii na Miller, 1954, na yazawar Afirka ta Gabas ne, ya fi ƙanƙanta kuma fukafukansa sun fi haske. Helopeltis bergrothi kuma an fi danganta shi da koko. A Asiya akwai antonii, wanda da shi Signoret ya kafa gidan, a kudancin Indiya da Siri Lanka; sai theivora da bradyi, waɗanda Waterhouse ya bayyana duka a 1886. A Niyu Gini akwai clavifer.

Yanzu sa ƙwaron a maikuroskop ka rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, ga kowane ƙwaro daban: siffar ƙusa ta gefe, a miƙe take ko ta lanƙwasa baya, tsawon gaɓar eriya ta farko idan aka gwada da faɗin doron ƙirji ta baya, inda tsinin baki ya kai a ƙarƙashin jiki, da ko akwai farin zobe a gindin cinyar baya. Misali, ƙusar theivora ta fi lanƙwasa baya, ta antonii kusan a miƙe take, shi kuma bradyi ana raba shi da antonii da tsawon eriya da faffaɗan farin zobe a gindin cinyar baya. Idan maikuroskop ɗinka ba shi da ma'auni a ido, ɗora ƙwaron kusa da takarda mai layukan milimita ka ɗauki hoto ta cikin idon na'urar, ka auna a hoton. Gwada gaɓa da gaɓa ya fi amfani a kan tsawon jiki, domin ciki yana motsewa idan ya bushe.

Launi kuwa ka rubuta shi, amma ka sa shi a ƙarshen layi. A kamu ɗaya daga bishiya ɗaya za ka iya samun mai jan ƙirji, mai baƙi, da mai rabi da rabi, duk nau'i guda. Masana ma sun faɗa wannan rami. Ƙwaron kokon Maleshiya an daɗe ana kiransa theobromae a matsayin nau'i mai zaman kansa, sai Stonedahl ya nuna theivora ne. A tsibirin Jawa kuma an shafe shekaru ana rubuta antonii a rahotannin gona, alhali bradyi ne. Don haka idan kana karanta tsohon rubutu, kada ka ɗauki sunan da ke ciki kamar yankan wuƙa.

Da waɗannan bayanai a hannu sai ka bi mabuɗin tantancewa na yankinka, na Schmitz ko na Stonedahl. Mabuɗi tambayoyi ne bibbiyu, kowace amsa ta kai ka ga ta gaba. Karanta zaɓi biyun duka kafin ka ɗauki ɗaya. Inda ka yi shakka, sa alama, ka bi hanyoyin biyu ka ga wadda ta kai ka ga nau'in da ake samu a ƙasarka. Na Schmitz da Faransanci yake, sai ka nemi mai taimaka maka da kalmomin sassan jiki.

9. Feɗe al'aura

Ga yawancin nau'o'in Afirka siffar waje ba ta kai ka ƙarshe, sai an duba al'aurar namiji. Zaɓi namiji mai cikakken launi. Idan ya bushe, sa shi a rufaffen kwano mai jiƙaƙƙen tishu ya kwana, ya yi laushi. Da tsinin allura ka ɓalle rabin ciki na baya, ko cikin gaba ɗaya idan hannunka bai saba ba, wannan ya fi aminci.

Haɗa KOH kashi 10 cikin ɗari, wato giram 10 a ruwan da zai cika mililita 100. Sinadarin ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, domin yana ɗaukar zafi, kuma yana cin fata, ido kuwa ba a magana. Sa safar hannu da tabarau. Idan babu KOH, soda mai ƙuna, wato NaOH, a wannan ma'auni tana yin aikin. Jefa cikin ƙwaron a ruwan sinadarin ya kwana a sanyi, ko ka tsoma 'yar kwalbar a ruwan zafi na minti biyar zuwa goma kana dubawa. Ni na fi son na sanyi. Na zafi yana da sauri, amma minti kaɗan na mantuwa sai ka tarar komai ya zama fari tas kamar leda, babu abin da za ka iya gani. Abin da ake so shi ne nama ya narke, sassa masu tauri su rage da launin ruwan zuma.

Ɗauraye a ruwa sau biyu, ka mayar cikin ɗigon gilisarin. Da allurai biyu ka buɗe ƙoƙon. Za ka ga 'yan ƙugiyoyi biyu a gefe da gefe, na hagu babba mai lanƙwasa, na dama ƙarami, haka halittarsu take a dangin nan, ba karyewa ya yi ba. A tsakiya akwai gaban namijin kansa, jaka ce ta tantani mai ɗauke da wani ɗan ƙashi mai tauri. Siffar wannan ƙashi, musamman tsininsa, da siffar ƙugiyar hagu, su ake gwadawa da zanen da ke cikin mabuɗi. Juya su su kwanta daidai yadda aka zana, domin ƙugiya ɗaya tana iya yin siffa uku idan an kalle ta ta fuska uku. A mace ana duba ɗakin al'aura da zobbansa masu tauri, amma wannan ya fi wuya, bari sai hannunka ya faɗa.

Idan ka gama, sa sassan a 'yar mitsitsiyar kwalba da ɗigon gilisarin, ka soke murfinta a allurar ƙwaron da aka ciro su. Ɗaya bayan ɗaya ake feɗewa. Ciki biyu a kwano ɗaya, ka rasa na wane ne, aikin ya tashi a banza.

Wanda ba shi da maikuroskop ya tsaya a farkon mataki na 8, ya aika maza biyu ko uku da cikakken bayani zuwa gidan adana ƙwari na wata jami'a ko cibiyar binciken noma. Gwajin ƙwayar halitta, wanda ake karanta wani yanki na ƙwayar gado mai suna COI, mai harufa 658, yana taimakawa, sai dai amsarsa ta dogara ga ko wanda ya fara sa irin wannan ƙwaro a rumbun bayanai ya sanya masa sunan daidai.

10. Rubuta suna

Sunan yana hawa takarda ta biyu, daban da ta wuri, domin suna yana iya canzawa amma inda aka kama ƙwaro ba ya canzawa. Sunan gida da babban harafi, na nau'i da ƙarami, sai wanda ya raɗa da shekara: Helopeltis schoutedeni Reuter, 1906. Ƙasa da haka sunanka da shekarar da ka tantance. Idan ka ga sunan mai raɗawa a cikin baka, ma'anarsa an ɗauke nau'in daga gidan da aka fara sa shi. Distantiella theobroma misali ne: Distant ya bayyana shi a 1909 a gidan Sahlbergella, daga baya aka yi masa nasa gidan, shi ya sa ake sa sunan Distant a baka.

Rubuta iya inda shaidarka ta kai. Idan gida kawai ka tabbatar, Helopeltis sp. ya isa, kuma babu abin kunya a ciki. Idan ya yi kama da wani nau'i amma ba ka feɗe ba, sa cf. a tsakiya, kamar Helopeltis cf. schoutedeni. Kafin ka buga sunan a ko'ina, duba shi a kundin Miridae na intanet da Randall Schuh ya tsara a gidan tarihin halittu na Amurka da ke Niyu Yok, ka ga ko har yanzu yana aiki ko an haɗe shi da wani.

Sai ajiya. Bar ƙwarin su bushe na mako guda a wurin da iska ke shiga amma kiyashi ba ya kaiwa, misali a kan tebur da aka tsoma ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa. Kiyashi na iya cinye kamun wata guda a dare ɗaya, ya bar maka allurai da takardu. Bayan sun bushe ka jera su a akwati, maza da mata na wuri ɗaya a layi ɗaya, ka kafe ƙullin kafur a kusurwa da allura don kada ya yi ta gangara yana karya ƙafafu. A lokacin damina ƙara ƙunshin silika mai tsotse danshi, kana buɗewa duk wata kana dubawa. Idan ka ga ɗan gari a ƙarƙashin wani ƙwaro, wani abu na cinsa daga ciki: sa akwatin duka a leda, ka ɗaure, ya yi mako guda a firiza, kuma kada ka kwance ledar sai sanyin ya fita ya dawo zafin ɗaki.